Taura Biyu A Baki Ɗaya

A wannan mako na yi niyya mu yi zancen ɗinkin rigunan sanyi na yara, amma wani abu ya faru a gaban idona ran Talatar da ta wuce, shi ya sa na ajiye wancan zance na ɗauko wannan. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, gama ina tsammani babu gidan da maganar ba ta taɓa ba.

A makarantar da nake koyarwa akwai wata malama wadda ta girme ni da kamar shekara goma sha biyar. Yaya nake ce mata, ita kuwa tana ce mini ƙanwata. Ba zan faɗi sunanta ba, ko da yake ta yarda in ba ku labarinta. Ran nan da hantsi tana tsaye a gaban allo tana koya wa yara lissafi, sai jiri ya ɗebe ta, ta zube ƙasa. Yara suka fito da gudu suna kuka. Muka ɗauke ta zuwa asibiti, aka auna ta, aka ce jininta ya hau ƙwarai, kuma akwai gajiya mai yawa a jikinta. Da ta buɗe ido ina zaune a gefenta. Kun san abin da ta fara tambayata? Ba ta tambayi abin da likita ya ce ba. Cewa ta yi, "Ƙanwata, ƙarfe nawa yanzu? Kada in makara a makarantar yamma, in na yi fashi za a yanke mini kuɗi."

Na ce, "Haba Yaya, ki kwanta mana. Ai lafiya uwar jiki ce."

Ta ce, "Na sani, ƙanwata. Amma lafiyar ma sai da tuwo."

Wannan amsa ta hana ni barci a daren nan. Bari in lissafa muku yadda Yaya take cinye yininta, ku gani da kanku.

Tana tashi kafin asuba ta hura wuta, ta dama koko, ta shirya yara huɗu. Ƙarfe bakwai da rabi tana makarantarmu, ba ta fita sai ɗaya da rabi, watau awa 6 ke nan, kwana biyar a mako, awa 30. Daga nan ba ta zuwa gida. Sai ta yi salla, ta ci ɗan abin da ta ƙunso, ta wuce wata makarantar kuɗi inda take koyarwa daga biyu da rabi zuwa biyar da rabi. Awa 3 sau biyar, awa 15. Bayan sallar lisha, in yara sun kwanta, ta ɗauki allura ta yi ɗinkin hula na awa 2, dare shida a mako, awa 12. Ku tara duka, za ku sami awa 57 a mako guda. Ban sa girki a ciki ba, ban sa wanki da shara da jinyar yaro ba, ban sa tafiyar hanya ba, ban kuma sa gyaran littattafan yara na makarantu biyu ba. Maigidanta shi ma bai zauna ba. Tun da aka rufe masaƙar da yake aiki, da dare gadi yake yi, da rana kuma yana jiran rumfar wani a kasuwa. Sai su yi kwana uku ba su zauna sun yi hira ba.

Ba Ita Kaɗai Ba Ce

Ku duba unguwarku za ku ga irinta da yawa. Ga malamar asibiti da ta kwana tana aiki, gari na wayewa ta wuce wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ga akawu da ya tashi ofis ya karɓi a-daidaita-sahu ya yi ta jigila har goma na dare. Ga masinja mai sayar da katin waya. Ga yarinya da ke jiran na'urar POS da rana, da yamma ta soya awara a ƙofar gida. Ga dattijuwa mai wanke-wanke a gida uku kowace safiya.

Wata za ta ce, to mene ne sabo a ciki? Ai tun kaka da kakanni Bahaushe ba ya zama da sana'a ɗaya. Gaskiya ne. Da damina kowa manomi ne, in an kau da amfanin gona sai maƙeri ya koma maƙera, masaƙi ya koma saƙa, marini ya koma karofi, saurayi ya tafi cin rani. Iyayenmu mata kuwa suna cikin gida suna kaɗi, suna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, suna fura, suna kitso, ga akuya ga kaji. Su ne ma suka bar mana karin maganar nan, da zaman banza gara aikin kishiya.

Amma fa akwai bambanci. Sana'o'in da, ɗaya tana bin ɗaya ne, kowacce da lokacinta a shekara. Mai yi kuma shi ne ubangidan kansa. In kakarki ta ji jikinta ba daɗi, sai ta ajiye mazari ta kwanta, babu mai rubuta sunanta a littafi, babu mai yanke mata kwabo. Na yanzu kuwa duka a yini ɗaya ake haɗa su, kowane aiki da agogonsa, kowane da shugabansa, kuma babu shugaban da ya damu da gajiyar da aka kwaso a wurin ɗayan. Wannan shi ne taura biyu a baki ɗaya.

Me Ya Kawo Haka?

Kada mu yi saurin cewa kwaɗayi ne. Akwai masu kwaɗayi, amma yawanci albashi ne ba ya kai wata. Wannan kuka kuwa tsoho ne a ƙasarmu. A shekarar 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa da sauran ma'aikatan gwamnati sun yi yajin aiki na kwana arba'in da 'yan kai, suna neman a ƙara musu kuɗin tsadar rayuwa, Michael Imoudu yana cikin jagororinsu. A 1974, zamanin Janar Gowon, aka yi ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, kuɗi suka shigo hannu, amma kaya suka tashi suka cim musu. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta yi ta faɗuwa, ma'aikata da yawa suka fara neman abin haɗawa da aikinsu.

Ku dubi mafi ƙarancin albashi da doka ta yanka. A 1981 naira 125 ne a wata. A 2011 ya zama naira 18,000, a 2019 naira 30,000, sa'an nan a watan Yuli na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000. In kin ji adadin sai ki ce an ci gaba. Amma raba 70,000 gida talatin, za ki ga naira 2,300 da 'yan kai ne a yini. A ciki za a ci, a sha, a biya haya, a biya mota, a sayi magani da littattafan yara. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100, watau abin da kika saya naira 100 a Disambar 2023 ya zama kusan naira 135 bayan shekara guda. Ba sai an gaya wa matar gida wannan ba, kwanon awo ya riga ya gaya mata.

Wani abin kuma da mutane da yawa ba su sani ba, dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan kowa ba. Wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, dokar ba ta tilasta masa. Haka mai aikin rabin yini, da wanda ake biya bisa yawan abin da ya yi ko ya sayar. To, aiki na biyu kusan kullum irin wannan ne: ƙaramar makaranta, ƙaramin kanti, aikin 'yan awoyi. Ashe ke nan inda aka fi shan wuya nan ne doka ta fi sakin hannu.

Abin Da Yake Jawowa

Na farko lafiya. A shekarar 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniyarta ta farko, a kan cewa aikin masana'anta kada ya wuce awa 8 a yini, awa 48 a mako. Ba don lalaci suka yanka haka ba, sun ga abin da doguwar wahala take yi wa jiki. A watan Mayu na 2021 wannan ƙungiya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike. Suka ce mai yin aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ɗara na mai yin awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin 100, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin 100. Suka ƙiyasta mutum 745,000 ne suka rasu ta wannan hanya a shekarar 2016 kaɗai. Ku tuna lissafin Yaya awa 57 ne. Rai na Allah ne, babu shakka, amma an hore mu da kiyaye sababi.

Likitoci sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a dare. Mai kwanciya sha biyu ta tashi huɗu da rabi, bashi take ci a wurin jikinta, jiki kuwa ba ya yafe bashi. Hawan jini mugun baƙo ne, ba ya sallama. Mace tana iya yawo da shi shekara da shekaru ba ta sani ba, sai ran da ya kayar da ita.

A kanmu mata nauyin ya fi yawa, domin akwai aikin da ba a biyanmu, ba a ma kiransa aiki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a rahotonta na 2018, a duniya duka mata ne suke yin kashi uku cikin huɗu na hidimar gida da reno da jinya wadda babu lada. Namiji mai aiki biyu in ya dawo gida ya tarar da tuwo a rufe. Mace mai aiki biyu in ta dawo, aiki na uku ne yake jiranta a madafa.

Na biyu, aikin kansa yana lalacewa. Wannan zan faɗa ko da ba za ta yi wa 'yan'uwana malamai daɗi ba. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa darasi mai kyau tun daren jiya ake shirya shi. Malamar da ta yi daren tana ɗinki, da me za ta shiga aji? Sai ta cika allo da rubutu ta ce a kwafa, ta zauna tana gyangyaɗi. Yaran talakawa da ba su da wata makarantar su ne suka yi hasara. Malamar asibiti da ba ta runtsa ba tana iya kuskuren awon magani. Direban da ya yini a ofis ya kwana a kan hanya, ba ransa kaɗai ya ɗauka ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na uku gida. In uwa ba ta nan daga safe har magariba, wa yake riƙe da gidan? Babbar 'yarta. Ita ce girki, ita ce goyon ƙani, ita ce kai hula kasuwa, wani lokaci har da talla. Babbar 'yar Yaya tana aji biyu na babbar sakandare, yarinya mai kai, amma bana sakamakonta ya ja baya. Uwa tana wahala don 'ya ta yi karatu, wahalar kuma tana cin karatun 'yar. An tafi neman ƙiba an samo rama.

Abin Da Doka Ta Ce

Ya kamata kowace mace mai karatu ta san wannan, domin ta gaya wa wadda ba ta yi ba.

Tsarin mulkin ƙasa na 1999, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar albashin kujera biyu na gwamnati a lokaci guda. Ya kuma hana wanda yake cikakken ma'aikaci gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma. Malaman makarantun gwamnati da ma'aikatan asibitocinta suna cikin wannan. An yi dokar da kyakkyawan nufi, don kada mutum ya mai da ofis kantinsa. Amma ni dai a ganina ba a tuna da mata ba wajen yin ta. Namiji yana da gonar gado, ya je ya yi nomansa doka ta yarda. Mace nawa ce take da gona? Gonar mace ita ce allurarta da kaskon suyarta. Ya kamata 'yan majalisa su sake duba wannan wuri. Kafin su duba kuwa, doka tana nan yadda take, saboda haka ma'aikaciyar gwamnati ta yi hattara, ta nemi shawarar ƙungiyarsu kafin ta ɗauki wani aiki, kada garin neman gira a rasa ido.

Sai dokar ƙwadago, wadda ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan akawuna. Ta ce kafin wata uku su cika da fara aiki, lalle a ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikinsa, da ladansa, da awoyinsa, da yadda za a rabu. Ta ce wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye a yini a ba shi hutun da ya kai awa guda a tsakani. A kowane kwana bakwai a ba shi yini guda cur na hutu. In ya cika shekara yana aiki, yana da hutun kwana 6 na aiki ko fiye, da albashinsa. In ya yi ciwo likita ya ba da shaida, yana da har kwana 12 a shekara ba a yanke masa ba. Kada a riƙe masa lada ya wuce wata guda. Mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, in kuwa ta yi wata shida a wurin, a biya ta rabin albashi ko fiye. Mai shayarwa a ba ta rabin awa sau biyu a yini ta ba jariri nono. Malamai da ma'aikatan jinya da sauran masu aikin ilimi, nasu sharuɗɗan suna cikin takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idodin hukumarsu, shi ya sa takardar take da muhimmanci ƙwarai.

Akwai kuma dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ce mai ba da aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a wani asusu, don a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta saboda aiki. Akwai kotun ma'aikata ta ƙasa da aka kafa musamman don irin waɗannan ƙararraki, akwai kuma ofishin ƙwadago a jihohi.

Amma ga inda gizo yake saƙa. Ranar hutun da doka ta ba ka a wurin ubangida na farko, ita kake sayar wa na biyu. Kowannensu yana iya cewa bai karya doka ba, kai kuwa ba ka huta ba. Kuma aiki na biyu yawanci da baki ake ƙulla shi. Yaya ta yi shekara huɗu a makarantar yamma, ba ta da ko guntun takarda. In an yi dogon hutu babu albashi. Da ta kwanta asibiti, saƙon da aka aiko mata shi ne, in ba ta dawo ran Litinin ba za a ɗauki wata.

Shawara

Ban ce kowa ya ajiye aikinsa na biyu ba. Mai ƙoshi ne yake faɗin haka, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga dai abin da nake gani za mu iya.

Ke mai aiki biyu, ki sami littafi ki rubuta abin da aikin na biyu yake kawowa a wata, sa'an nan ki ɗebe kuɗin mota, da abincin da kike saya a waje, da maganin ciwon kai da na ciwon jiki. Abin da ya rage shi ne ladanki na gaskiya. Da muka yi wa Yaya wannan lissafi a gadon asibiti, muka ga wajen rabin kuɗin makarantar yamma a hanya yake ƙarewa, ɗinkin hula ma ya fi shi albarka. Kada ki fara aiki sai an rubuta muku sharaɗi, ko da a takardar littafin makaranta ne, ku sa hannu a gaban shaidu biyu. Ki tsare yini ɗaya a mako wanda ba na sayarwa ba ne, komai kuɗin da aka taya. Ki riƙa zuwa awon jini ko da ba ki jin kome, awon ba ya ɗaukar minti biyar. Ki shiga adashi da mutanen kirki, ki kuma tambaya game da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2019, domin ƙarfi ba ya dawwama.

Ke uwargida da maigidanki yake fita tun asuba sai dare, ki tausaya masa. Ki san abin da yake samu, ki auna bukatunki da shi. Gasar ankon biki da kayan ɗaki ta sa maza da yawa hawa a-daidaita-sahu da dare. In ya shigo idonsa ja, kada ki tare shi da lissafin bashi tun bai sha ruwa ba. Ku kuma maza da kuke leƙen wannan fili, na san kuna leƙe, in matarku tana fita nema don ta taimaki gida, ɗaukar yaro ko ɗebo ruwa ba ya rage muku girma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'an nan mu dubi kanmu, gama mu ma iyayen gida ne ga waɗansu. Matar nan da take zuwa yi miki wanke-wanke da shara, kin taɓa tambayarta gida nawa take zuwa kafin naki? Muna kukan an riƙe mana albashi, mu kuma muna ce mata ta dawo jibi. Ki biya ta ran da kuka yi alkawari. In an ɗauke ta don wanke-wanke, kada a ƙara mata wanki da daka ba tare da ƙarin lada ba. In ta yi ciwo kwana biyu, kada ki yanke mata. Ki ba ta abinci mai kyau, ki bar ta ta zauna ta ci. Addininmu ya tsananta a kan haƙƙin ɗan ƙwadago, kowa ya san wannan.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, taimakon iyaye wajibi ne, kuma albarka ce. Amma ku nemi awa guda a kowace rana ta zama ta littafi, ku roƙi Inna da ladabi ta bar muku ita. A raba aikin gida da 'yan'uwanku maza, hannunsu ba zai karye ba don sun wanke kwano. Ku koyi sana'ar hannu guda ɗaya ku iya ta sosai, ɗinki ko saƙa ko girki, domin wadda ta gwanance a abu ɗaya ta fi mai taɓa goma samun kuɗi, ta kuma fi ta samun barci. In kun ga malamarku ta shigo a gajiye, kada ku yi mata dariya, ba ku san inda ta kwana ba.

Ga hukuma kuwa maganata gajeriya ce. A biya albashi a kan kari, a biya wanda zai kai wata. A sa ido a kan ƙananan makarantu da asibitoci da kantuna masu ɗaukar mutane ba takarda. A nan arewa aka fara girmama ranar ma'aikata, gama gwamnatin Kano ta Abubakar Rimi ce ta fara ba da hutun 1 ga Mayu a 1980, ƙasa duka ta bi a 1981. Bai kamata a ce hutun ma'aikaci ya tsaya a yini ɗaya a shekara ba.

Yaya ta fito daga asibiti ran Juma'a, da sauƙi, an ɗora ta a kan magani. Ta aika wa makarantar yamma cewa su ɗauki wata. Mu malamai mata takwas muka haɗa adashi, muka ce ita za ta fara ɗauka, ta sayi zare da yadi ta riƙa ba waɗansu matan unguwa ɗinki suna rabawa. Ban sani ba ko zai ishe su, ita ma ba ta sani ba, wata mai zuwa ne zai nuna. Amma jiya ta ce mini rabon da ta yi sallar la'asar a ɗakinta ranar aiki shekara huɗu ke nan.

Ina roƙon duk wadda take da labari irin wannan, ko wata dabara da ta gwada ta ga amfaninta, ta rubuto wa wannan fili ta hannun Edita. Ba za mu buga suna ba sai da izini. Zancen rigunan sanyi kuwa yana nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, ku tanadi allura da zare.

Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, ya sa albarka a cikin kaɗan ɗin da muke samu. Amin.

Taku har kullum,
Malamarku